Yadda Na'ura Ke Gano Inda Wutar Lantarki Ta Ɓaci

Yau darasinmu a kan wutar lantarki yake. Idan hadari ya taso wuta ta ɗauke a Tasawa, mai injin niƙa ya zauna, famfo ya tsaya, maganin riga-kafin da ke cikin firijin gidan likita ya shiga haɗari. Kowa sai tambaya: yaushe za ta dawo? Ku sani, sau da yawa neman inda ɓarna take ya fi gyaranta cin lokaci. To, yaya ake nemanta?

Wutarmu daga nesa take tahowa. An kafa kamfanin NIGELEC a 1968, a 1976 kuma aka ja babbar waya daga Birnin Kabi zuwa Yamai. Mu nan yankin Maraɗi, an ja mana wata daga Katsina zuwa Gazawa, mai ƙarfin bolt dubu 132, ta rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Waya mai tsawo haka, idan aka ce a bi ta turke-turke, sai a kwana a daji. Shi ya sa ake sa na'urori su yi gadi. Dabarunsu uku ne.

Ta farko, awo. A manyan tashoshi akwai na'urar da ke auna ƙarfin wuta da yawan wadda ke wucewa, dare da rana. Idan reshe ya taɓa waya, ko tsawa ta faɗa mata, wuta sai ta kwarara wurin da yawa, ƙarfinta ya faɗi. Kafin ƙiftawar ido na'urar ta yanke wannan sashe, don kada ɓarna ta bazu. Kuma da yake gwargwadon tsawon waya gwargwadon yadda take tauye wuta, daga awon nan na'ura takan lissafa nisan wurin, ta ce kilomita kaza. Mafi yawan irin wannan ɓarna mai wucewa ce, sai na'urar ta ɗan jira ta sake kunnawa. Dalilin ke nan da kukan ga wuta ta ɗauke ta dawo nan take.

Ta biyu, rabawa biyu. A ce jakinka ya ɓace a hanyar Tasawa zuwa Maraɗi. Mai wayo ba ya tsayawa kowane ƙauye. Sai ya zarce Agye ya tambaya: ya wuce nan? In an ce a'a, ya huta da rabin hanya. Haka ake yi wa waya: a raba ta biyu, a gwada, a sake raba sashen da ya ƙi. Ɗauki alli ka lissafa da kanka: 1000, 500, 250, 125, 63, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Ka gani, turke dubu, tambaya goma ta isa.

Ta uku, tantance labari. Ɓarna guda takan sa ƙararrawa barkatai su yi kuka a ɗakin masu lura. Kwamfuta tana rubuta lokacin kowace, ta jera su, ta nuna wadda ta fara. Kamar kuka ne ya tashi a unguwa, gida ya karɓa daga gida. Mai hankali gidan da aka fara yake nema.

Amma na'ura ma takan gaza. Ran 14 ga Agusta 2003, a jihar Ohayo ta Amurka, wayoyi suka taɓa itatuwa, alhali kwamfutar ƙararrawa ta tsaya ba wanda ya lura. Ɓarna ta bi waya har Kanada, mutane wajen miliyan 50 suka rasa wuta. Saboda haka mai gadi ma a riƙa duba lafiyarsa.

Kuma ba kowace ɗaukewa ce ɓarna ba. A watan Agusta 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, sai a watan Maris 2024 ta maido. Wannan ba aikin mai gyara ba ne.

Yanzu ga naka aikin. Ƙananan wayoyin unguwa da ƙauye, ido ne ke gadinsu. In ka ga waya ta faɗi, kada ka taɓa, ko da sanda. Kori yara da dabbobi nesa. Rubuta rana da lokaci, da sunan wurin, da lambar turke in akwai, ka sanar da ma'aikatan lantarki. Labari mai kyau guda yakan rage musu yinin nema.

A wurin karatu, kowa ya gwada lissafin nan da turke 500, ya ga tambaya nawa za ta isa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.