Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: abin da ya kamata ku sani kan ƙarewar rumbun na'urori a Linux

Kwamfuta ce mai gigabayit 16 na RAM, rabinsa ko taɓawa ba a yi ba. Amma intanet ta fara yankewa, fayil ɗin da ake kwafewa zuwa filash ya cije a tsakiya. Mai gyara ya buga umarnin dmesg don ganin rahoton da injin ke rubutawa, sai ga layi ɗaya yana ta maimaita kansa: swiotlb buffer is full. Wato wani ɗan rumbu da aka ware wa na'urori ya cika maƙil, alhali babbar ma'adanar tana da fili fetal.

Wane ne ke rabon wuri?

Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Shi ke raba ma'adana tsakanin manhajoji, shi ke magana da faifai, katin intanet da kyamara ta hannun ƙananan manhajojin da ake kira direbobi. Kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta Finlan, shi ne ke ƙarƙashin kowace wayar Android.

Don aiki ya yi sauri, na'urori kan kai bayanai cikin RAM su ɗebo da kansu, ba tare da sun jira ƙwaƙwalwar kwamfutar ba. Wannan shi ne DMA. Direba zai ce wa na'ura ga adireshi, zuba kayanki a nan.

Me ya sa ake ware musu rumbu na daban?

Domin ba kowace na'ura ce hannunta ke kaiwa ko'ina ba. Tsofaffin katunan ISA megabayit 16 na farko kawai suke iya gani. Na'ura mai adireshin bit 32 iyakarta gigabayit 4. Duk abin da ke sama da nan, a wurinta kamar babu shi.

Ku ɗauki sito mai zurfi wanda mai kura ba ya iya shiga lungunansa. Sai yaran shago su fito da buhuna su jibge a rumfar ƙofa, ya ɗauka daga nan. Idan ya kawo kaya ma nan zai sauke, su shigar ciki. Wannan rumfar ita ce swiotlb. Kanel na ware ta tun lokacin tashin inji, a ƙasan ma'adana inda galibin na'urori ke kaiwa. Girmanta na asali megabayit 64 ne, an yanka shi gurbi 32,768, kowane gurbi kilobayit 2. Kaya ɗaya kan ci gurabe a jere, har zuwa 128, wato kilobayit 256.

Injin da ke da IOMMU, ɓangaren da ke fassara wa na'urori adireshi, galibi ba ya buƙatar wannan kai da kawo. Sai dai rumfar ta samu sabon aiki a manyan cibiyoyin adana bayanai. A injunan da ke amfani da fasahar SEV ta kamfanin AMD, ana rufe ma'adanar kwastoma da makulli, na'ura ba ta iya karanta ta, don haka duk wani kaya sai ya bi ta rumfa. Shi ya sa a irinsu Linux ke faɗaɗa ta zuwa kashi 6 cikin 100 na ma'adanar, amma ba ta wuce gigabayit 1.

Yaya ake yi ta cika?

Hanya uku ce. Ta farko cunkoso: faifai mai sauri da katin intanet sun taso lokaci guda, buhuna sun fi wuri yawa. Ta biyu wargajewa: akwai guraben da babu kowa, amma a warwatse suke, ba a samun guda 128 a jere. Ta uku ita ce mai ciwo, wato direban da ke karɓar gurbi ya manta mayarwa. Kullum sai an yi asarar kaɗan, inji ya yi kwanaki lafiya lau, rana ɗaya ya tsaya. A kashe a kunna ya warware, bayan kwanaki ya koma gidan jiya.

Me kanel ke yi idan ta cika?

Da yawa za su ce ai sai ya kashe wata manhaja ya samu wuri, kamar yadda yake yi idan RAM ɗin kansa ya ƙare. A nan hakan ba ya magani, domin rumfar daban take, ko an rufe manhaja goma gurbi ɗaya ba zai ƙaru ba.

Jira ma ba koyaushe yake yiwuwa ba. Sau da yawa buƙatar na zuwa ne daidai lokacin da na'ura ta katse wa ƙwaƙwalwar kwamfutar aiki, kuma a wannan hali doka ta hana kanel yin barci ya jira wuri. Abin da ya rage shi ne ya faɗa wa direba gaskiya: babu.

Daga nan kowa da dabararsa. Direban intanet yakan zubar da ƙunshin saƙon, tunda tsarin TCP zai sake aiko da abin da ya ɓace, mai amfani jinkiri kawai zai gani. Direban faifai ba shi da wannan damar, bayanan mutane ba abin zubarwa ba ne, sai ya mayar da aikin layi a sake gwadawa idan wuri ya samu. Haɗarin yana ga direban da bai duba amsa ba, ya miƙa wa na'ura adireshin banza. Nan ne bayanai ke lalacewa. Don haka masu rubuta direba ke da wajibin kiran dma_mapping_error bayan sun nemi adireshi, kuma kanel na da yanayin bincike da ke tona asirin wanda ya tsallake.

Akwai kuma wani tarko makamancin wannan, a ɓangaren babbar ma'adanar. Idan ma'adana ta yi ƙaranci, kanel yakan kwashe wasu bayanai zuwa faifai don ya samu fili, amma rubutun kansa sai da ɗan wuri. Gaba kura, baya sayaki. Maganin da Linux ta yi shi ne mempool, ɗan tanadin da ake ɓoyewa tun da wuri, ba a taɓa shi sai hanya ta toshe, kuma ana mayar da shi da zarar an gama.

An samu gyara?

A Linux 6.6 da ta fito a Oktoban 2023, an ƙara zaɓin da ke bai wa rumfar damar girma. Idan ta cika, kanel zai kafa 'yar rumfar wucin gadi don kayan da ke hannu, sannan ya sa a gina ƙari a bayan fage. Sai dai wanda ya haɗa kanel ɗin ne ke kunna zaɓin. Mai kula da inji kuma na iya ƙara girman rumfar da kansa, ta hanyar rubuta swiotlb da adadin guraben da yake so a umarnin tashi, ko ya kunna IOMMU idan injin na da shi.

Kafin a ƙara, a lura da lokacin da saƙon ke fitowa. Idan sai aiki ya yi nauyi yake zuwa ya wuce, cunkoso ne, ƙarin wuri zai wadatar. Idan kuwa sai inji ya kwana biyu yana aiki sannan ya fara, kuma ba ya dainawa, to wani direba ne ke riƙe gurabe. A nan ko an ninka rumfar sau goma, ranar cikarta kawai aka ɗage, sai an gano direban an sabunta shi.