GAJERIYAR WAƘA: DARASI DAGA MAGINAN ZAZZAU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ku sani a nan Tukur-Tukur aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, nan kuma aka riƙa buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta soma fitowa a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Daga wannan wuri ne waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mu'azu Haɗeja suka bazu cikin ƙasa a shekarun 1950. To, ran da waƙa ta shiga maɗaba'a ta gamu da abin da ba ta sani ba a zaure, watau iyaka. Zaure ba ya cika da magana, amma shafi yana cika.

Abin da ya sa muka kawo wannan shi ne, mun lura almajirai masu koyon waƙa galibinsu tsawaitawa ke ka da su. Yaro ya jera baiti sittin, goma na buɗewa, goma na rufewa, saura kuwa maimaici. Ba mu ce doguwar waƙa aibi ce ba. Imfirajin Malam Aliyu Namangi doguwa ce, amma lodinta ne ya kai haka. Malaman balaga sun raba magana, ga ijazi ga iɗinabi, kowanne da muhallinsa. Sai dai wanda bai iya ɗaure ma'ana cikin baiti biyu ba, ko an ba shi ɗari ba zai ɗaure ta ba.

Ina makarantar taƙaitawa? Ba ta da nisa. A taso daga Tudun Wada, a shiga birni ta Ƙofar Doka, a tsaya gaban wani tsohon soro mai zane. Magini ba shi da fili sai abin da ke tsakanin ƙofa da zanko. Ƙasa kuma ɗanya ce, ba ta jiran mai shawara, tilas ya gama kafin ta bushe. Saboda haka ba ya jan layi sai mai dalili. Ga dagi, ga takobi, ga aska, har a tsakiyar ƙarnin da ya wuce maginan Zazzau suka shigo da keke da mota da agogo, kowanne da 'yan layuka kaɗan, amma mai wucewa ya gane. Haka mai zayyana yake da allonsa, haka maɗinki yake da aska takwas a ƙirjin riga.

Mai koyo ya zaɓi zane guda, ya ɗaura wa kansa sharaɗi uku. Na fari, kada ya wuce baiti huɗu na ƙwar biyu, kari ɗaya, amsa-amo ɗaya. Na biyu, ya fara da abin da ido ya gani, ya ambace shi da sunansa, kada ya ce wai abu ne mai kyau ƙwarai, domin wannan bai nuna wa kowa kome ba. Na uku, ya rufe da abin da zuciya ta ɗauka. Misali, kadan dagi ne, baitin fari ya faɗi yadda igiya guda ta shiga ta fita, ba a ga farkonta ba balle ƙarshenta. Na biyu ya ce zumunci ke nan, wanda ya nemi bakin zaren don ya warware, shi ne zai gaji. Sa'an nan ya yi shiru. In ya ƙara na uku don ya yi sharhin na biyu, ya ɓata. Kashegari ya sāke dubawa, duk kalmar da aka cire baiti bai rame ba, da ma cikon kari ce, a musanya ta. Fatake sun fi kowa sanin wannan, ba a biyan ladan dakon kayan da ba za a sayar ba.

Kada wani ya zaci baƙon abu ne. Buhturi, wanda ya rasu a 897 Miladiyya, ya tsaya a kangon fadar Kisra a Mada'in, ya ga hoton yaƙin Anɗakiya a bango, ya siffanta shi duka cikin 'yan baitoci na Siniyarsa. A Garnaɗa ta Andalus kuma, cikin ƙarni na 14, an sassaƙa baitocin Ibn Zamrak a bangon fadar Alhamra, inda tilas waƙa ta tsaya daidai wurin da bango ya tsaya. A nan gida, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, da ya ga aikin hanyar jirgin ƙasa sai ya yi Waƙar Diga.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Zanen ƙasa ba ya daɗewa sai da yaɓe kowace shekara, ga damina, ga siminti da kwano sun kore shi daga unguwanni da yawa. Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, wani sashensa ya rushe a watan Agusta na 2023, har aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. In aikin Babban Gwani bai tsira ba, ina ga soron talaka? Doguwar waƙa sai mai littafi, amma baiti biyu yaro ya hardace, falke ya tafi da shi Kano da Maraɗi, jika ya ji daga kaka cewa a ƙofar gidansu an taɓa yin zane kaza.

Don haka muna roƙon malamai, ran Alhamis da ba karatu, su tura manyan almajiransu su dubo soro guda, kowa ya komo da baiti biyu. Allah ya sa mu dace, amin. Haza wasalam.