Bayan yaƙin Khartoum: Yadda zafi da danshi ke cinye kayan tarihin da ɓarayi suka bari

Ranar da muka koma gidanmu a unguwar Alsahafa da ke kudancin Khartoum, bayan sama da shekara biyu muna gudun hijira, mahaifiyata ba ta tambayi firji ko talabijin ba. Ta riga ta san sun tafi. Tana sa ƙafa a tsakar gida ta ce, "Kai ɗan nan, maza duba min adakar Malam."

Malam shi ne kakana. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar aikin Hajji, kamar ɗimbin mutanen da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, sai zama ya kama shi a Sudan. A cikin adakar akwai Alƙur'ani rubutun hannu a gafakarsa, da alluna biyu, da wasiƙun ajami, da takardun makarantar mahaifina. Waɗanda suka shiga gidan sun ɓalle kwaɗon, suka ga takardu ne kawai, suka bar su. Amma rufin ɗakin ya huje, ruwan damina biyu ya bi ta nan, zafin bazara kuma ya gasa adakar. Abin da ɓarawo ya raina, yanayi bai raina ba.

Ni malamin makaranta ne, kuma kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 nakan kai ɗalibaina Gidan Tarihin Ƙasa da ke bakin Kogin Nilu. An buɗe shi a 1971. A harabarsa akwai ɗakunan bauta na zamanin Fir'aunoni daga Buhen da Semna da Kumma, waɗanda aka kwance dutse bayan dutse a shekarun 1960, kafin ruwan madatsar Aswan ya haɗiye yankin Nubiya. Yara sukan tambaye ni me ya sa aka yi wa dutse rumfar ƙarfe da gilashi. Amsar ita ce, inda aka ɗauko su da wuya a ga ruwan sama, Khartoum kuwa tana da damina daga Yuli zuwa Satumba. Dutsen mai laushi ne, yana shan ruwa, zanen jikinsa ya riƙa ɓarewa. A saman bene kuma akwai zane-zanen bangon cocin Faras, waɗanda masanan Poland ƙarƙashin Kazimierz Michalowski suka tono tsakanin 1961 da 1964, aka raba su tsakanin Khartoum da Warsaw. Yashi busasshe ne ya adana launinsu ɗaruruwan shekaru.

Dakarun RSF sun mamaye gidan tarihin tun watannin farko na yaƙin, hukumomin Sudan kuma suna zarginsu da wawashe shi. A Satumban 2024 hukumar UNESCO ta gargaɗi dillalan kayan tarihi da kada su sayi abin da ya fito daga Sudan. Da sojoji suka karɓe tsakiyar birnin a Maris ɗin 2025, duniya ta ga hotunan akwatunan gilashi a farfashe. Wannan asara kowa ya ji labarinta. Wadda ba a cika magana a kai ba ita ce ta cikin gidaje irin namu, a Alsahafa da Omdurman da sauran unguwanni, inda kaya suka tsira daga sata amma suke lalacewa a hankali.

Abu huɗu na gani da idona a adakar Malam. Na farko danshi. Gefen da ɗigon ruwa ya taɓa ya yi fumfuna, wasu ganyayyaki sun manne da juna. Masu kula da gidajen tarihi suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, domin idan ya daɗe sama da kashi 70 fumfuna tana tsirowa. Hawa da saukarsa ma illa ce: katako yana kumbura da damina, ya tsuke da rani. Haka allo ɗaya ya tsage tun daga sama har ƙasa.

Na biyu zafi. A watan Mayu da Yuni zafin Khartoum yana wuce digiri 40, to ina ga cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kwano? Masana suna ƙiyasta cewa duk ƙarin kimanin digiri 5 yana ninka saurin lalacewar takarda. Fatar gafakar ta bushe ƙamas, tana karyewa wurin naɗi.

Na uku shi ya fi ba ni mamaki, wato sinadarin asid, tsamin da ke cikin takardar kanta. Alƙur'anin da ya haura shekara ɗari ya fi takardun mahaifina na shekarun 1980 lafiya. In ka ɗaga ganyensa za ka ga tambarin jinjirin wata uku: takardar Italiya ce da aka yi da tsummokaran tufafi, irin wadda fatake suka riƙa kawowa Sudan da ƙasar Hausa. Takardar zamani mai araha kuwa daga itace ake yin ta, tana tsami da kanta, ta yi ja, ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Jarida ta fi kowacce muni, kuma tana shafa wa abin da aka naɗe da ita. Sunan unguwarmu da Larabci yana nufin aikin jarida, ga shi jaridar da Inna ta naɗe wasiƙun da ita ta bar musu tabo. Tawada ma kala biyu ce. Ta gawayi da ƙaro takan dame in ta sha ruwa, amma ba ta cin takarda. Wadda ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe kuwa, in ta samu danshi sai ta huda takardar daidai siffar harafi.

Na huɗu haske. Hoton Malam da ke rataye yana kallon taga ya koɗe, da ƙyar ake gane rawaninsa. Abin da haske ya ɗauke ba ya dawowa, shi ya sa ɗakunan da ake nuna takardu da tufafi a gidajen tarihi suke da duhu-duhu.

Da Inna ta ga jiƙaƙƙun ganyayyakin sai ta ce, "A shanya su a rana mana." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, rana za ta ƙarasa su." Na baje su a inuwa, a ɗaki mai iska, kan farin ƙyalle. Waɗanda suka manne ban tilasta musu rabuwa ba. Bayan sun bushe na share fumfunar a waje da buroshi mai laushi, hancina a rufe. Na cire duk allura da roba, na kuma hana ƙanena liƙe yagaggun da salatif ko kai su a manne su cikin leda da inji, domin gam yana barin tabo, injin kuma da zafi yake aiki. Yanzu suna naɗe cikin farin yadin auduga da aka wanke sitacinsa, a kan kanta a ɗakin tsakiya, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da bangon waje, da hayaƙin turaren wuta, da na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa. Kowane shafi na ɗauki hotonsa da waya, na tura wa 'yan uwa a Mai Wurno da Kano.

Mun rasa ganye goma sha ɗaya daga ƙarshen Alƙur'anin, sauran sun tsira. Inna ta yi shiru, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi, hannun Malam yana nan."

Mai karatu, ko a Khartoum kake ko a Katsina, in akwai irin wannan adaka a gidanku, kada ka jira sai an yi rabon gado. Buɗe ta kafin damina ta sauka.