In Allurar Jirgin Ruwa Ta Ƙi Motsi

Yawancinmu mun san agogon da ke nuna yawan mai a mota. Jirgin ruwa mai gudu, wanda babban injinsa ke rataye a baya, yana da wani agogo kuma da ake kira tirim. Aikinsa shi ne ya nuna wa matuƙi ko ƙafar injin, inda farfela take, ta sauka ko ta ɗaga. In ta sauka sosai, goshin jirgin yakan nutsa, a sha mai da yawa. In ta ɗaga fiye da kima, farfela takan kama iska, injin kuma yana iya rasa ruwan da ke sanyaya shi, ya ƙone. Saboda haka agogon da ke ƙarya abin tsoro ne.

To, me za mu yi in allurar ta tsaya cik? Kada mu yi garajen sayen sabon agogo. Abubuwa uku ne ke aiki tare: agogon kansa, wayoyi, da wata 'yar na'ura a jikin injin wadda ke aiko da saƙo. Sau da yawa laifin na biyun ƙarshe ne, domin su ne ke shan ruwa.

Da farko mu kunna makulli, mu auna bayan agogon da mita. Akwai ƙusoshi uku masu haruffa I, G da S. Tsakanin I da G ya kamata mu sami wuta kamar bolt 12. In babu, mu duba fis, mu kankare tsatsar bakin wayoyi.

Na biyu, mu cire wayar S. Allurar za ta tafi ƙarshe ɗaya. Sai mu haɗa S da G na ɗan lokaci da guntun waya. In ta koma ɗaya ƙarshen, agogon lafiyarsa ƙalau. Mu kula kada guntun wayar ya taɓa I, gama wutar tana iya lalata agogon.

Na uku, mu koma wurin na'urar. Mu sa mita a ma'aunin om, wani ya riƙa ɗaga injin a hankali, hannunmu kuwa nesa da inda ƙarfe ke motsi. Lambobin su riƙa canjawa sannu sannu. A injinan MerCruiser sukan tashi daga wajen 10 zuwa 167. In suna tsalle ko sun tsaya wuri ɗaya, na'urar ta mutu, ko wayarta ta karye a inda take lanƙwasawa. Wajen sayen sabuwa mu tabbata ta dace da agogon, don ma'aunin kowane kamfani dabam ne.

Mu yi wannan bincike tun jirgi yana bakin gaɓa. Tsakiyar kogi ba wurin gyara ba ne.