Gawayin Ƙashi Da Matsalar Fuloraid A Ruwan Sha

Wanda duk ya san Kaltungo a Jihar Gombe, ko Langtang a Jihar Filato, ya ga yara masu haƙora kamar sun yi tsatsa, alhali ko goro ba su fara ci ba. Musabbabin haka shi ne fuloraid, wani sinadari da ke narkewa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya shiga ruwan rijiyar burtsatse. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake zuba shi a man goge baki. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita. A Tibiri ta yankin Maraɗi, inda ruwan famfo ya ninka wannan adadi fiye da sau uku, ɗaruruwan yara sun tashi da lanƙwasassun ƙafafu.

Tafasa ruwa ba ya magani. Hasali ma ƙara yawan sinadarin yake yi, domin ruwan ne ke tafiya cikin tururi. Gawayin itace kuwa, duk da ƙwarewarsa wajen kawar da wari, ɗan abin da yake kamawa bai taka kara ya karya ba.

Gawayin ƙashi shi ne ya yi zarra. Akan ƙona ƙasusuwan shanu cikin tanderu mai ƙarancin iska, a niƙa su tsaki-tsaki, a cika ganga, ruwa ya ratsa ta ciki. Mai karatu zai so sanin sirrin: ma'adinin da ya gina ƙashin saniya shi ne ya gina namu, kuma yana da kwaɗayin fuloraid. Wato ƙashin da ke cikin ganga yana haɗiye abin da ƙashin yaro zai haɗiya. Cocin Katolika na Nakuru a ƙasar Kenya ya daɗe yana sarrafa irin wannan matata don ƙauyuka.

Ƙunar ce ke son gwani. Idan wuta ta gaza, sauran kitse zai ɓata ɗanɗanon ruwan. Idan ta yi yawa, ƙashin ya koma fari fat, ƙarfinsa ya ragu. A nan ƙasar, inda kwata ke tara ƙasusuwan dabbobin da aka yanka bisa shari'a, samun kayan aiki ba wuya.

Wuyar tana wajen sanin ranar da gawayin ya ƙoshi. Fuloraid ba shi da launi ko ɗanɗano, don haka matatar da ta daina aiki za ta ci gaba da ba da ruwa garau. Dole a riƙa kai samfurin ruwan ɗakin gwaji a kai a kai, a sauya gawayin da zarar awo ya haura 1.5.