Ƙirgar Haihuwa a Zariya: Gudummawar Shaihun Malami Kelsey Harrison ga Ilmin Lafiyar Mata Masu Ciki

Gabatarwa

Hausawa kan ce kabarin mai jego a buɗe yake har sai ta yi arba'in. Wannan magana ta nuna cewa tun kaka da kakanni mutane sun san haihuwa tana tafe da haɗari. Amma sanin akwai haɗari daban, sanin girmansa da musabbabinsa kuma daban. Muddin ba a san yawan matan da suke rasuwa ba, da irin waɗanda abin ya fi faɗa wa, da dalilin da ya sa ya faɗa musu, to hukuma ba ta da madafa, likita kuwa sai dai ya yi ta fama da abin da ya iske a gabansa. Wannan lacca za ta duba aikin wani masani da ya ɗauki nauyin yin wannan ƙirga a Zariya, wato Shaihun Malami Kelsey Harrison, da kuma darasin da ya fito daga alƙalumansa.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Kelsey Harrison a shekarar 1933 a garin Abonnema, cikin ƙasar da a yau take Jihar Ribas. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, daga nan ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan, sa'an nan ya ƙarasa karatun likita a birnin Landan. Da ya komo gida sai ya kama aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan, a sashen haihuwa da cututtukan mata, inda ya soma bincikensa na farko.

Ƙarancin Jini: Aikin Ibadan

A shekarun 1960 ƙarancin jini mai tsanani yana cikin manyan abubuwan da suke kashe mata masu ciki a Ibadan. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini, abinci kuma ba ya wadatar da jiki da sinadaran da zai ƙera sababbi da su. Sai a kawo mace asibiti idanunta sun yi fari fat, ƙafafu sun kumbura, tana haki ko da ba ta motsa ba.

Mai kallo daga nesa zai ce maganin ai ƙarin jini ne kurum. To, a nan wuyar take. Zuciyar mai irin wannan ciwo ta riga ta galabaita, gama ta daɗe tana bugu da sauri don ta zaga da ɗan jinin da ya rage. In aka ɗura mata jini kai tsaye, nauyin ya fi ƙarfin zuciyar, ruwa ya taru a huhu, sai maganin ya zama ajali. Dabarar da ake yi a lokacin ita ce musanyar jini, wato ana janye na jikinta kaɗan-kaɗan ana mayar mata da mai kauri. Dabara ce mai kyau, sai dai tana bukatar ƙwararrun ma'aikata da kayan aiki waɗanda ƙaramin asibiti ba shi da su.

Harrison da abokan aikinsa suka gwada wata hanya mai sauƙi. Suka riƙa ba da jini mai kauri a hankali tare da wani maganin sa fitsari mai saurin aiki, wanda ake kira etakirinik. Yayin da jini yake shiga, ruwan da ya yi yawa yana fita ta fitsari, zuciya kuwa ba ta ɗauki ƙarin kaya ba. Da wannan aka sami hanyar da likita ɗaya a asibitin karkara zai iya bi ya ceci rai. Haka kuma ya yi nazari a kan halin da masu amosanin jini suke shiga in sun sami ciki.

Binciken Zariya

A shekarar 1972 Harrison ya koma Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin shaihun malami a fannin haihuwa da cututtukan mata. Abin da ya tarar a asibitin jami'ar da ke Tudun Wada ya bambanta da na Ibadan. Ana kawo mata daga ƙauyuka masu nisa bayan sun kwana biyu ko uku suna naƙuda, waɗansu mahaifa ta fashe, waɗansu suna jijjiga, waɗansu jini ya tsinke musu tun a hanya.

Sai ya yanke shawarar a rubuta labarin kowace haihuwa ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Daga watan Janairu na 1976 zuwa watan Yuli na 1979, shi da ma'aikatansa suka tattara bayanin haihuwa 22,774. Ga kowace mace an rubuta shekarunta, da tsawonta, da yawan haihuwar da ta yi, da ko ta yi makaranta, da ko ta zo awon ciki, da yadda ta ƙare da ita da jaririnta. An buga sakamakon a shekarar 1985, a fitowa ta musamman ta mujallar likitocin haihuwa ta Ingila.

Mata 238 suka rasu, wato fiye da 10 ke nan cikin kowace 1,000. Amma da aka rarraba su sai wani abu ya fito fili. Daga cikin 238 ɗin nan, 219 mata ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su afujajan. Sauran 19 kaɗai ne suka fito daga cikin masu zuwa awo, alhali kuwa masu zuwa awon sun kusa kashi biyu cikin uku na dukkan matan. Wato a cikin marasa awo kimanin 29 ne suke rasuwa cikin 1,000, a cikin masu awo kuwa ba su kai 2 ba. Asibiti ɗaya ne, likitoci ɗaya, magani ɗaya, amma haɗarin wannan ya ninka na waccan fiye da sau ashirin. Ma'anar wannan ita ce, yawancin abin da yake kai mace ga halaka ya riga ya auku kafin ta taka ƙofar asibiti.

Ƙuruciya da Doguwar Naƙuda

Alƙaluman sun nuna cewa haɗarin ya fi tsanani ga mata iri biyu: 'yan mata ƙanana masu cikin fari, musamman 'yan shekara 15 zuwa ƙasa, da kuma matan da suka manyanta suka yi haihuwa da yawa. Dalilin na farkon a sarari yake. Yarinya tana iya ɗaukar ciki tun ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba. In naƙuda ta zo, kan jariri ya kasa wucewa, sai ya danne mafitsara a jikin ƙashi na tsawon sa'o'i, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu ya ɓule. Sau da yawa jaririn ya rasu, uwar kuma ta tashi da yoyon fitsari, abin da kan raba ta da miji da dangi. Yankan gishiri da ake yi a gida da niyyar buɗe hanya shi ma yakan jawo wannan lahani.

A nan ne binciken ya zo da wani abin da ba a zata ba. Tare da masanin jini Alan Fleming, an riƙa ba masu cikin fari maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da ƙwayoyin ƙarin jini. Sai aka ga waɗansu daga cikin 'yan matan sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin, daga santimita 2 har zuwa 16. Wannan ya nuna cewa zazzaɓi da rashin abinci mai gina jiki sun tauye girmansu, kuma in an kawar da waɗannan, jiki yana iya cim ma wani abu daga abin da ya rasa. Ke nan magani mai araha, in an ba da shi a kan kari, yana iya rage wahalar da in ba haka ba sai an yi fiɗa.

Ilmin 'Ya Mace

Babban abin da Harrison ya fi nanatawa shi ne abin da alƙaluman suka nuna game da makaranta. Mutuwa ta yi ƙaranci ƙwarai a cikin matan da suka yi karatu. Ba wai karatu yana buɗe ƙugu ba ne. Yarinyar da take makaranta ba ta cika ɗaukar ciki da wuri ba. Matar da ta yi karatu ta fi zuwa awo, ta fi gane alamun haɗari irin su kumburi da ciwon kai da zubar jini, kunya ba ta hana ta faɗin abin da yake damunta, kuma ta fi samun bakin magana in aka zo shawarar tafiya asibiti. Saboda haka ya tsaya a kan cewa ilmi ga kowa da kowa yana cikin maganin mutuwar masu haihuwa, daidai da ƙarin jini da ɗakin fiɗa. Abin lura ne cewa shekarar da aka soma wannan ƙirga, wato 1976, ita ce shekarar da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa.

A kan wannan tushe ne kuma ya ƙi yarda da ra'ayin masu cewa horar da ungozomar gargajiya ya isa ya magance matsalar. Hujjarsa ita ce, ungozoma komai ƙwarewarta ba ta iya ƙarin jini, ba ta iya fiɗa, waɗannan kuwa su ne suke ceton rai in naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Waɗansu masana sun saɓa masa, suna ganin a inda babu asibiti ungozomar da aka horar ta fi babu.

Tasirin Aikin

Rahoton Zariya yana cikin ayyukan da suka jawo hankalin duniya ga mutuwar mata wajen haihuwa. A shekarar 1987 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da sauran hukumomi suka kira taro a Nairobi, inda aka ƙaddamar da shirin haihuwa lafiya, da burin rage wannan mutuwa da rabi kafin shekarar 2000. Shi kuwa Harrison ya bar Zariya a 1981 ya koma Jami'ar Fatakwal, inda ya zama shugabanta daga 1989 zuwa 1992.

Kammalawa

Burin Nairobi bai cika ba a Nijeriya. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a ƙasar nan saboda ciki da haihuwa, wato fiye da rubu'in dukkan waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya. Don haka darasin Zariya bai tsufa ba. Ga ɗalibi, aikin ya nuna cewa rajistar asibiti, in an cika ta da gaskiya aka yi nazarinta da haƙuri, tana iya canja tunanin duniya. Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, ya nuna cewa ran mai ciki ba a hannun Ma'aikatar Lafiya kaɗai yake ba. Wanda yake tsara kasafin makarantun 'yan mata, da wanda yake gyaran hanyar ƙauye, da wanda yake tabbatar da cewa akwai magani a ɗakin awo, kowannensu yana da hannu a kan ko mace za ta iso asibiti da ƙafarta ko kuwa sai an ɗauko ta ranga-ranga.