Kujerar Gwamna A Jos: Mutum 19 Sun Hau, Maganar Dutse Uku Tana Nan

Duk mutumin Jos da neman abinci ya kai shi Ikko ko Badun ko Shagamu, in an ambaci Dutse Uku ba sai an yi masa kwatance ba. Unguwa ce a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, maƙwabciyar Nasarawa Gwom da Unguwar Rukuba, inda a da Musulmi da Kirista ke zaune ƙofa da ƙofa. A nan ne, ran Lahadi 17 ga watan Janairu 2010, gardama ta tashi a kan wani magidanci da ya koma zai sake gina gidansa wanda aka ƙone a rikicin Nuwamba 2008. Kowane ɓangare da yadda yake ba da labarin wanda ya fara jifa. Abin da ba a musu a kai shi ne, cikin kwana huɗu wutar ta kai Bukuru da Kuru Karama, mutane ɗaruruwa suka halaka.

Gwamnan lokacin, Jonah Jang, ya kafa dokar hana fita dare da rana. Amma sojan da suka kashe wutar ba da umurninsa suka fito ba. Sai da Mataimakin Shugaban Ƙasa, Goodluck Jonathan, ya ba da izini daga Abuja, don a lokacin Shugaba Umaru 'Yar'aduwa yana kwance asibiti a Saudiyya. To, wace irin kujera ce wannan, mai ikon kulle gari ɗungum amma ba ta da ikon tura soja ko ɗaya?

DAGA RAZDAN ZUWA GWAMNA

Kafin 1967 babu Gwamna a Jos. Lardin Filato, wanda Turawa suka kafa a 1926, Razdan ne ke riƙe da shi, shi kuma yana karɓar umurni daga Kaduna. Daga 1954 har zuwa daren 15 ga Janairu 1966 ragamar Jihar Arewa duka tana hannun Firimiya, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Tsarin na Ingila ne, watau wanda jam'iyyarsa ta fi rinjaye a Majalisa shi ke kafa gwamnati, Gwamna kuwa, irin su Sir Kashim Ibrahim, uban ƙasa ne mai sa hannu. Haka jihohin Indiya ke yi har gobe, inda suke kiran shugaban gwamnatin jiha Babban Minista. Dattawan Sabo na Badun ba su manta da abin da wannan tsari ya haifa a Jihar Yamma a 1962 ba, sa'ad da Gwamna Adesoji Aderemi ya ce ya sauke Firimiya Akintola, Majalisa ta hargitse, har aka kafa dokar ta-ɓaci.

Ran 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya yanka ƙasa jihohi 12, Jos ta zama hedkwatar Jihar Binuwai-Filato. Mutumin da ya fara hawa kujerar ɗan sanda ne, Joseph Dechi Gomwalk, ɗan ƙabilar Angas mai digiri daga Jami'ar Badun. Shekara takwas ya yi, kuma ko masu sukarsa ba sa hana shi aikinsa. A zamaninsa aka buɗe reshen Jami'ar Badun a Jos a 1971, wanda ya zama Jami'ar Jos a 1975. Shi ya kafa jaridar Nigerian Standard a 1972, ya kafa gidan talabijin na jiha, ya gina sakatariyar da ake kira da sunansa yanzu. A 1974 Aper Aku ya yi rantsuwa a kotu yana zarginsa da almundahana, Gowon ya wanke shi. Da Gowon ya faɗi a Yuli 1975, Gomwalk ya faɗi tare da shi. Bayan yunƙurin Dimka wanda ya ci ran Janar Murtala, kotun soja ta haɗa da shi, aka harbe shi ran 15 ga Mayu 1976. Har yau akwai mutanen Filato da ba su yarda yana da hannu ba.

Kwana goma kafin a kashe Murtala, ran 3 ga Fabrairu 1976, ya raba Binuwai da Filato. Kanar Abdullahi Mohammed, wanda ya gaji Gomwalk, ya sauka, aka kawo wani hafsan mayaƙan sama daga Jihar Gongola mai suna Dan Suleiman.

SHAWARAR DA AKA BINNE

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Dan Suleiman ya kawo shawara cewa duk ɗan Nijeriya da aka haifa a Filato, ko wanda ya shekara 20 yana zaune cikinta, a ba shi hakki daidai da ɗan asalin jihar. Shawarar ba ta karɓu ba. Gwamnan soja ne, babu Majalisa a kansa, ba ya neman ƙuri'ar kowa, duk da haka abin ya gagara. Ya sauka a 1978, Kanar Joshua Anaja ya riƙe har soja suka miƙa mulki.

Me ya sa maganar ta yi nauyi haka? Haƙar kuza ce ta tara Jos. Tun farkon mulkin Turawa Hausawa da Fulani da Kanuri da Nufawa da Yarabawa da Ibo suka yi ta kwarara, balle da jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914. Jikokin Hausawan nan, waɗanda ke kiran kansu Jasawa, sun ce kakanninsu ne suka kafa garin, har suna lissafa sarakunansu na kafin 1947. Birom da Anaguta da Afizere kuma sun ce ƙasar ta kakanninsu ce tun kafin zuwan Bature, wanda ya zo daga baya baƙo ne kome daɗewarsa. Takardar shaidar zama ɗan ƙasa kuwa ƙaramar hukuma ke bayarwa, kuma da ita ake neman aikin gwamnati da shiga soja da gurbin jami'a da tallafin karatu. Bahaushen da aka haifa a Agege ko Idi-Araba, wanda in ɗansa zai shiga jami'a sai ya hau mota zuwa Kano ko Katsina neman takarda a garin da bai taɓa kwana ba, ya san zafin wannan magana fiye da yadda za a rubuta masa.

Tsarin mulki na 1979 ya haɗe Firimiya da Gwamna wuri guda. Jama'a ke zaɓensa kai tsaye, shekara huɗu sau biyu, kuma sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannunsa, ba a samun takardar mallakar fili a birni sai da sa hannunsa ko na wanda ya wakilta. Shi ke naɗa kwamishinoni, shi ke ba sarki sanda. 'Yan sanda dai na Tarayya ne. In Gwamna ya ba Kwamishinan 'Yan Sanda umurni, doka ta yarda Kwamishina ya ce sai ya ji daga sama tukuna.

Solomon Lar na Langtang, ɗan jam'iyyar NPP, shi ne farar hula na farko, daga 1 ga Oktoba 1979. Ya ɗaga darajar sarakunan ƙananan ƙabilu, ya ƙirƙiro masarautu, mutanensa suka yi masa kirari da mai 'yantarwa. Soja suka kifar da su ran 31 ga Disamba 1983, shi ma ya sha ɗauri. Daga nan sai jerin masu kaki: Atukum, Chris Alli, Onoja, Aliyu Kama, Joshua Madaki. Fidelis Tapgun na SDP bai cika shekara biyu ba Abacha ya kore su a Nuwamba 1993.

Ana cikin haka, a 1991, gwamnatin Babangida ta raba Jos gida biyu, ta Arewa da ta Kudu. Hausawa suka yi murna, Birom da 'yan'uwansu suka ce an yanke musu gari an ba wasu. Da Kanar Mohammed Mana ya naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙo na Jos ta Arewa a 1994, ɓangare ɗaya ya tayar da ƙayar baya, aka dakatar da naɗin, ɗaya ɓangaren shi ma ya fusata, ran 12 ga Afrilu aka yi ƙone-ƙone. Alƙalamin Gwamna guda ya isa ya kunna gari. Bayan Mana sai Habibu Shu'aibu, wanda a zamaninsa aka cire Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba 1996, sai Musa Shehu.

WANDA YA SAUKA SAU BIYU

Babu wanda kujerar ta yi wa wasan kura kamar Joshua Dariye. An rantsar da shi 29 ga Mayu 1999. Ran 7 ga Satumba 2001 Jos ta yi kamun da ba ta taɓa yi ba, aka yi asarar rayuka wajen dubu. A Fabrairu 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone. Bayan kisan Yelwan Shendam, Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci ran 18 ga Mayu 2004, ya dakatar da Gwamna da Majalisa wata shida, ya dawo da Janar Chris Alli a matsayin kantoma. Cikin waɗannan watanni 'yan sandan Landan suka kama Dariye kan zargin safarar kuɗi, aka ba da belinsa, ya dawo gida bai koma ba, rigar kariya ta Gwamna ta rufe shi. A Nuwamba 2006 wasu 'yan Majalisa ƙalilan suka ce sun tsige shi, alhali doka na bukatar 16 cikin 24. Mataimakinsa Michael Botmang ya hau, Kotun Ƙoli ta maido da shi a Afrilu 2007 saura wata guda wa'adinsa ya cika. A 2018 kotu a Abuja ta ɗaure shi shekara 14 kan kuɗin jiha, aka rage zuwa 10, aka yi masa afuwa a 2022.

Kwamitocin bincike kam, ba a yi rowarsu ba. Na Mai Shari'a Fiberesima a 1994, na Mai Shari'a Niki Tobi bayan 2001, na Bola Ajibola wanda Jang ya kafa bayan rikicin zaɓen ƙananan hukumomi na 2008. Duk sun karkata ga cewa Birom da Anaguta da Afizere ne 'yan asalin Jos, Hausawa kuma ba su amince ba, har suka ƙaurace wa na Ajibola. Sunayen da aka ce a gurfanar, akasarinsu ba su ga ƙofar kotu ba. Gaskiya ita ce kowane Gwamna ya tarar da maganar da zafi, ya lissafa ƙuri'unsa, ya bar wa na bayansa.

Jang, wanda ya yi 2007 zuwa 2015, ya gina sabon Gidan Gwamnati a Little Rayfield. Simon Lalong na APC ya kafa hukumar wanzar da zaman lafiya a 2016, cikin gari ya ɗan lafa ko da yake ƙauyuka ba su huta ba. Caleb Mutfwang, wanda aka zaɓa a inuwar PDP a 2023, shi ma sai da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke shi, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi ran 12 ga Janairu 2024. Shi ne na 19 tun daga Gomwalk. A cikinsu 12 masu kaki ne, shida zaɓaɓɓu, ɗaya mataimaki ne da ya ɗana wata biyar.

A Dutse Uku da kewaye, iyalai da yawa da suka tashi a 2008 da 2010 ba su koma ba. Wasu sun sayar da filayensu, wasu sun yi musayar gida da mutumin ɗaya addinin, kowa ya nufi unguwar da nasa suka fi yawa. Wasu kuma suna nan Ikko da Fatakwal, takardar fili na cikin akwati. Dan Suleiman ya rasu a 2023.